Ba Sa Ne Ya Kashe Baba Ba

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba.

Akwai abin da na ɓoye maka a waya. Ranar nan a karar shanu ta Zango, Baba ya riƙe ƙahon wani sa, sai ya dafe ƙirji ya faɗi. Na ɗauka san ne ya tunkuye shi. Na fizgi sanda na rufe mai san da duka, har na fasa masa kai, jini ya wanke masa fuska.

A asibiti likita ya duba hoton ƙirjin Baba, ya ce babbar jijiyar jini ce ta tsage da kanta. Wai bangonta yana da zare mai talewa kamar roba. Hayaƙin taba ya ci zaren yadda tsatsa ke cin ƙarfe, har ƙwayoyin jikin da ke riƙe da shi suka sake shi. Tabar nan kuwa ni nake sayo wa Baba.

Mutumin ya zo jana'iza da bandeji a ka, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni. Na kasa kallonsa.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Lawal