Funfuna a Bayan Akwatinki

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙofar Sauri lafiya lau.

Tun saukar damina ɗakin da kika bar akwatinki yake warin danshi. Kullum sai in sa turaren wuta, in rufe taga don ƙamshin ya zauna. Ranar Laraba muka ja akwatin, sai ga bango baƙi ƙirin da funfuna.

Baba ya kira Malam Sani mai wannan aikin. Ya kankare bangon, ya fesa magani, ya gyara indararon da ke jiƙa shi. Da ya ji zancen turaren ya ce, "'Yammata, iska ɗakin nan yake so, ba ƙamshi ba."

Na shanya kayanki, sun tsira, ban da shuɗiyar atamfar da marigayiya Kaka ta ba ki. Sau uku na wanke, tabon bai fita ba. Ni na rufe tagar, ki yafe mini.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Safiya