Injin Jirgin Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Baba? Ina fatan Inna tana samun barci. Ni lafiya lau, aiki ne ya ɗan tsaya.

Na samo injin jirgin ruwan rimot ɗin da Baba ya ƙera. Jirgi mai tsawon mutum sai injin lantarki mai ƙarfi, irin wanda ake kira marar burushi, sabo kuwa ya fi ƙarfina. Na tsinci ƙonanne a bolar ma'aikatarmu, na sake naɗa masa waya. Baba ya sha hana mu gwada inji ba a ɗaure ba, amma ɗoki ya sa na riƙe shi a hannu, da farfela a jikinsa. Ina kunnawa ta sare mini yatsu biyu. Likita ya ce yatsu uku ma sun ishi mutum. Maigidana a wurin aiki bai yarda ba, shi ya sa aikin ya tsaya.

Injin yana hanya. Don Allah ku sa jirgin a ruwa tun Baba yana iya zama. Ka ce masa a shago na saya. Idan Inna ta ga rubutuna ya karkace, ka ce sauri nake yi.

Allah ya ba shi sauƙi.

Ƙaninka