Ƙulli Biyu Suka Rage, Cipriana

Zuwa ga Cipriana, hasken idona, furen gonata, ruwan da ke sauka a kan kari, sarauniyar murhun gidan nan wadda ta tafi ta bar murhun ya huce.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina sanar da ke ban mutu ba. Na san za ki so ki fara jin wannan, don ki ci gaba da fushinki hankali kwance. Ki gaida yayarki Otilia, duk da na san abin da take faɗa a kaina.

Ya sanyin zuciyata! Shekara talatin da ɗaya kina dafa min gahawa a tukunyar ƙasa, mazarƙwaila na narkewa a ciki yadda na narke ranar da na fara ganinki a gonar kawunki. Sai likita ya ce sukari ya yi min yawa, ya latsa babban yatsan ƙafata, ban ji komai ba. Wana Nazario ma daga yatsa aka fara, yau ƙafa ɗaya gare shi. Kika zare mazarƙwaila, kika kawo kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, da cittar nan mai sa namiji hawaye. Kika ce suna gina jiki. Na sha, na ce madalla. Ƙarya nake yi.

Haba, tauraruwata! Wa ya aike ki kasuwa ta lungun bayan gidanmu ranar Laraba? Shekara nawa kina bi ta gaban coci? Ga ni a bencin maƙwabciyarmu Doña Chelo, kofin gahawa na biyu a hannu, zaƙi har kunne. Da zagina kika yi da na samu sauƙi. Cewa kurum kika yi, "Hilario, ba zan tura ka a keken guragu ba, bayana ciwo yake." Kika hau motar garin Xalapa, sai gidan Otilia.

Ga mazarƙwailar gidan nan na ba direba ya kawo miki. Duba zanen da kika yi mata da wuƙa don ki gane in na taɓa, yana inda kika bar shi. Ɗan abin da ya zaizaye a gefe aikin tururuwa ne, na gan su da idona.

Amma ke ma na kama ki, farin watana. Washegarin tafiyarki na tarar da ƙulli goma sha biyu a ɓawon masara kusa da murhu, kowanne da kirfarsa da cittarsa da kanumfari uku. Mace na cikin fushi, mota na jira, ta tsaya ƙirga kanumfari? Kullum da safe ina kwance ɗaya. Har yanzu ina hawaye in na sha, kuma na bar laifin a kan citta.

Yau na kwance na goma. Ban iya haɗin nan ba, ba kuma zan koya ba. Tsoro nake ji, Cipriana. Ina tsoron ƙafar nan, gidan kuma ya yi min girma. Jibi ƙulli zai ƙare. Gata da safe zan ɗora ruwa a wuta, in fito da kofi biyu, in je bakin titi in tsaya da ƙafafuna biyu.

Naki ke kaɗai har ƙasa ta rufe min ido, mai shan duk abin da kika dafa,

Hilario