Guguwa Ta Wuce, Teku Bai Kwanta Ba

Assalamu alaikum Nasiru,

Ya karatu, ya sanyin Kanada, ya abokan zamanka? Mu nan Mafara lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Ƙanwarka Hadiza ta nuna mini hotonka a kan duwatsun bakin teku, ka rubuta wai guguwa ta wuce. Na saurari rediyo da kunnena. An ce guguwar ta shiga ruwa mai sanyi ta sauya kama, amma ta ƙara faɗi, kuma har yanzu tana turo igiyar ruwa mai janye mutum.

Makon jiya kawunka Bello ya taso daga Dakko, sama garau babu hadari. Ya shiga rafi da babur, ashe an tafka ruwa can wajen Maradun, ya gangaro ya cika rafin. Da ƙyar aka ciro shi, babur ya tafi. Shi ya iya iyo, kai ko tafki ban taɓa barinka ka shiga ba.

Karatu muka tura ka. Idan ka koma bakin tekun nan kafin hukuma ta ba da izini, ban yafe ba.

Ka kira kawunka ka yi masa jaje, ka sa mu a addu'a. Ka gaishe da abokanka, su ma ka faɗa musu.

Mahaifiyarka.