Hankicin Mama a Bakin Gada

Zuwa ga ƙanena Boyan,

Gaisuwa mai yawa daga Troyan. Ina fatan kai da Silviya da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya sa sanyin Kanada bai cinye manyan kunnuwan nan naka ba. Mu nan lafiya lau. An gama tsinkar tuffa, Kawu Stoyko kuwa har yanzu yana rigima da maƙwabcinsa a kan shinge.

Maganar Mama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun bara mantuwar nan ta yi mata nauyi. Baba, mijin da ta zauna da shi tun ƙuruciya, ta mayar da shi baƙo. Kullum da safe sai ta tambaye ni wai wane ne dattijon nan mai kirki da ke kawo mata shayi. Shi kuma sai ya yi dariya ya fice lambu, amma na san ba ciyawa yake zuwa cirewa ba.

Da tseren gudun garinmu ya matso, Baba ya ce bana ba da shi ba. Ka tuna yadda hancinsa ke yi da zarar ya yi nisa cikin sanyi, ƙaiƙayi, atishawa, sai majina kamar an buɗe famfo. Ka tuna Mama kowace shekara a bakin gada da gogaggen hankici, tana masifa wai iska za ta shige shi ta kashe shi, ita kuma ba za ta sa baƙaƙen kayan makoki don mai taurin kai ba. Ya ce gudun me zai yi, alhali babu mai yi masa faɗa a gada? Ni dai na tasa shi gaba, na ce ko da rarrafe ne sai ya je.

Ranar na naɗe Mama da mayafi, na kai ta gada, na danƙa mata hankici. Ta yi ta juya shi, ba ta san na mene ne ba. Matasa suka wuce, ko kai ba ta ɗaga ba. Can sai ga Baba yana haki, hanci ja wur, majina har gashin baki, yana sharewa da hannun riga. Ai kuwa sai Mama ta daka tsawa, ta kira shi da sunansa, Tsvetan! Wai ba ya jin kunya, tsofai-tsofai da shi, da rigar da ta wanke da hannunta? Ta cafke haɓarsa, ta share masa hanci tas, ta ce ya wuce kafin ya ja mata abin faɗe. Baba ya tsaya ƙiƙam, hawaye na zuba. Daga baya ya rantse mini wai duk aikin sanyi ne. Shi ya zo na ƙarshe, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Da muka koma gida ta tambaye ni ina Boyan, wai kai ma hancin ubanka ka kwaso, kada ka fita ba hankici. Ta sa na jona dutsen guga, ta goge ɗaya da kanta. Washegari ta koma tambayar wane ne dattijon.

Baba da Goggo Donka suna gaishe ka. Ka sumbatar mini Kalina da Asen. Hankicinka yana kan gadonka a ninke. Don Allah ka zo ka karɓa daga hannunta, tun tana tuna wanda ta goge wa.

Yayarka mai kewarka,
Nevena