Maigidana Yana So In Ba Shi Labarin Ranar Da Jirgi Ya Zo Kasuwarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, mu da ke nan KL, babban birnin Malaysia, duk mun san juna. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni matar aure ce, na biyo maigidana Malaysia da dependant pass, wato takardar zama ta iyalin ɗalibi, muna zaune a wani ɗan flat a unguwar Pantai Dalam. PhD yake yi a tarihi, bincikensa a kan jiragen da suka riƙa sakin bom a wannan yankin ne lokacin yaƙin duniya na biyu. Ashe kowane jirgi da laƙabinsa, sojoji kan rubuta a hancinsa da fenti, wani sunan uwar matuƙin, wani na budurwarsa, wani ma na karensa. Aikinsa ya bi laƙabin ya gano wa ya raɗa shi, ina jirgin ya je, ina ya ƙare. Da can ban damu ba, a makaranta yake yin abinsa ya dawo mu ci abinci.

Sai korona ta zo aka kulle gari, aikin ya dawo falonmu. Hotunan jirage a bango, a kan dining, har jikin firij, ga tsofaffin bidiyo masu ƙarar jirage da yake kunnawa. Ni kuwa ina da tarihi da wannan ƙarar. Ina budurwa jirgi ya saki bom a kasuwar garinmu, daga baya aka ce kuskure ne. Yayana da ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu yana ciki yana sayar da wake, ni kuma ina hanya da kwanon abincinsa. Ba mu samu abin da za mu yi wa wanka ba. Maigidana ya san Yaya ya rasu a wannan harin, amma abin da idona ya gani ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Innarmu.

Ba mugu ba ne wallahi, da na yi magana ya koma sa earpiece. Amma wata rana ina girki na ji ya daka ihu, "Alhamdulillah, na same ta!" Wai ya gano inda wani jirgi mai sunan mace ya faɗi. Na shiga banɗaki na yi ta amai. Tun daga nan ni nake karɓar zuwa kedai, wato kanti, ko sayo abinci a mamak, gidan abincinsu na nan, tunda mutum ɗaya aka yarda ya fita a kowane gida, don kawai in sha iska. Ko nan ba a barin ka ka yi nisa.

Yanzu ga inda abin ya tsaya. Supervisor ɗinsa ta ce aikin duk labarin waɗanda ke sama ne, babu muryar waɗanda bom ɗin ya sauka a kansu, in bai kawo ba ba za ta sa hannu ba. Tsofaffin da ya shirya yin hira da su an hana ziyartarsu saboda cutar, ɗaya ma ta rasu. Shi ne ya faɗa mata labarina ba da sanina ba, ta ce ko na wane yaƙi ne zai iya buɗe aikin da shi. Ya zo ya durƙusa a gabana, wai in zauna ya yi recording, zai canja suna.

Na ce Yayana ba chapter ba ne. Ya ce ai jiragen kowa ya san sunansu, mutanen ƙasa ne babu mai ambata, ko ba na so a san da Yaya? Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a ciki. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ƙarshe shi ma kuka ya yi, ya ce wannan extension ɗin da makaranta ta ba shi shi ne na ƙarshe, in ya wuce haka za mu koma ba degree. Yanzu ɗaki ɗaya muke, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

An ce za a kwashe masu son komawa gida, amma in na fita ba a barin irinmu su dawo yanzu, kuma ban san da wane ido danginsa za su kalle ni ba.

In daure in buɗe bakina don aikinsa ya tsira, alhali ban san ko zan iya rufe abin ba bayan na buɗe? Ko in tafi in bar shi? Don Allah wanda ya taɓa ba da irin wannan labarin ya faɗa mini gaskiya, sauƙi ake samu, ko ranar ce take dawowa sabuwa?