Fistan Kamiyo a Motar Suma'ila

Zango, Damagaram

Baban Jinƙai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da yaran lakwal, makarantarka ta Dakusa. Jinƙai ta warke daga tarin, har ta koma ɓarna.

Ka san motar Suma'ila, mai ɗaukar fasinja zuwa Gouna, wadda ke shan man gazuwal, wato dizal. Ta sake fasa fistan a cikin injinta, kuma ba shi ne na farko ba. Na alminiyon ne, da ta shiga rairayi da kaya zafi ya yi yawa, sai kansa ya tsage. Na daɗe ina kwance injin kamiyo, manyan motocin kaya, a garajin Baba, na ga nasu na ƙarfe ne, da hanyar mai a ƙarƙashin kai tana sanyaya shi. Sai na ce me zai hana in sassaƙa irinsa ƙarami a kan tur, injinmu na sassaƙa ƙarfe, in rage masa tsawo da kauri har nauyi ya zo daidai? Na yi guda huɗu, na auna su a sikelin Alhaji Ɗahiru Bakano mai kayan mota, yana ta yi mini dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce ƙarfe zai karya biyel, wato sandar da ke riƙe fistan, kuma mutane ne a motar, ba buhun gero ba. Ban raina tsoronsa ba, shi ya koya mini riƙe kile na kwance noti. Amma na auna, na sake aunawa, kuma ba zan fasa ba.

Ka ci abinci, kar ka dawo mini kamar sandar rake.

Matarka,
Dibora

*

Baban Jinƙai,

Gaisuwa mai yawa. Na samu taka, na kuma gode da wa'azin haƙuri, malam. Ka ajiye saura don Lahadi.

Na haɗa injin. Yanzu ga inda maganar take. A garajinmu, duk injin da aka kwance aka haɗa, patron, wato mai garajin, shi ne ke fara murza makulli. Haka kakana ya yi, haka Baba yake yi. In ya murza, ya ɗauki aikin a wuyansa. Wanda kuwa ya tada inji bayan patron ya ƙi, ya sallami kansa, ko da ɗan gida ne. Baba ya ƙi. Ya rataye makullin a ƙusa, yana wucewa kamar bai gan shi ba.

Suma'ila yana zuwa kullum ya zauna a benci, iyalinsa na jiran motar. Mama ta yi kuka, ta ce in mayar da na alminiyon a zauna lafiya. In mayar, ya sake tsagewa a tsakiyar daji da mata da jarirai? Luka mijina, ina son Baba, kuma raina yana ƙuna. A garajin nan na yi rarrafe, ban san wani wuri ba.

Ka sa ni a addu'a, amma kar ka roƙa mini sanyin zuciya.

Taka,
Dibora

*

Baban Jinƙai,

Ina gaishe ka, da fatan zazzaɓin da ka ce ya kama ka ya sake ka.

Na murza makullin. Da rana tsaka, a gaban kowa, don kar a ce na yi a ɓoye. Injin ya tashi lafiya lau. Na hana Suma'ila ɗaukar mutum ko ɗaya. Buhunan yashi muka loda, na zauna gaba muka je Gouna muka dawo, muka sake komawa. Na buɗe na duba, ko tabo babu.

Washegari na tarar da akwatin kayan aikina a ƙofar garaji. Na gane Baba ya sallame ni, ni kuwa ban roƙa ba. Na yi kukana a bayan katanga, na wanke fuska, na ɗauki akwatin na tsallaka titi. Na kafa rumfa a ƙarƙashin dalbejiyar da ke kallon ƙofarsa. Abincinsa na rana kuwa ni nake kai masa har yanzu, yana karɓa yana kallon bango.

Abu ɗaya na roƙi Suma'ila: kowace safiya ya bi ta gaban garajin a hankali, kar ya danna oda. Baba yana gane ciwon inji daga nesa da kunne kawai. To, ya saurara. Ranar da ya ji aibu, ya tsallako ya faɗa mini da bakinsa.

Jinƙai na gaishe ka.

Matarka mai taurin kai,
Dibora Yakubu